Amsoshin Tambayoyinku: Ganuwar teku da dabbobin da ke jikinta

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Zariya. Wasiƙu biyu na ɗauko yau kuma duka a kan teku suke, abin har ya ban dariya, mu da babban ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni ba.

Ta farko wani ɗalibi ne daga Samaru, ya ce ya gani a waya wai a Ingila an ɗage gyaran katangar da ke tare ruwan teku saboda tsuntsaye sun yi sheƙa a wurin, shi ne yake tambaya shin ran tsuntsu ya fi na ɗan Adam ne?

To ɗan'uwa bai fi ba, su ma ba haka suka ce ba. Suna da doka tun 1981 da ta hana lalata sheƙar tsuntsu idan yana kan ƙwai ko yana da 'ya'ya, shi ya sa aikin da zai iya jira, irin su sare ciyawa da ƙara ƙasa, ake kauce wa watannin sheƙa, wajen Maris zuwa Agusta, amma in katanga ta tsage ruwa na shirin shiga gari ai ba wanda zai tsaya yana lallashin tsuntsu. Kuma kar ka ɗauka duk katangar siminti ce, da yawa jinga ce ta ƙasa mai ciyawa a kai, saiwar ciyawar ce ma ke riƙe ta.

Inda rigimar take shi ne dabbobi masu haƙa rami. Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin Galma ya san aikin gafiya, da safe ka zo ka ga ɗan rami a jikin jinga bai fi ka zura hannu ba, ka ce bari sai gobe, goben ka tarar ruwa ya bi ta nan ya cinye gefe guda. To haka wani ɓeran ruwa da aka kawo daga Amurka yake yi wa jingar ƙasar Holan, har ma'aikata gare su da ba su da aiki sai ɗana masa tarko, kuma ni dai ban ga laifinsu ba, ƙasar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata ke ƙasa da teku, ƙasar da ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum sama da 1,800.

Amma ji abin da mutanen Holan ɗin suka yi. Bayan waccan ambaliya sun yi niyyar toshe wani babban mashigin teku ɗungurungum, masunta da masu kare muhalli suka ce ba su yarda ba, in ruwan gishiri ya daina shiga da fita kifi da sauran halittun wurin sun mutu, sana'a ta mutu. Aka ja aka ja, ƙarshe aka gina shinge mai ƙofofi 62, aka buɗe shi a 1986, kullum ƙofofin a buɗe suke sai guguwa ta taso a sauke su. Ya ci kuɗi fiye da toshewar, sosai ma. Kamar dai ganuwar Zazzau ce, ai ba a yi ta babu ƙofa ba.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce daga Gyallesu, ta ce maigidanta ya yi zaman Legas da daɗewa yana ba ta labarin Bar Beach, wani bakin teku da ake zuwa shaƙatawa a can, yanzu kuma an ce mata babu wurin, ina ya tafi?

Hajiya teku ce ta fara ci, mutane suka ƙarasa. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka jera duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa don kar yashi ya toshe hanya, sai duwatsun suka tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma, Bar Beach ya daina samun sabon yashi, ruwa ya yi ta zaizaya har yana hawa titin Ahmadu Bello. Daga baya aka cike wurin aka fara gina sabon birnin Eko Atlantic, aka kare shi da doguwar ganuwa ta duwatsu da curin kankare mai nauyin tan 5 kowanne. Titin ya huta kam. Sai dai kunkurun teku a cikin yashi take haƙa rami ta yi ƙwai, ba ta da abin yi da kankare, kuma mazauna gaɓar da ke gabas sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta dawo kansu.

Abin da ya fi damuna ni shi ne itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri a Neja Delta, mangurof, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, su ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gida, a cikinsu ƙananan kifi ke girma, ba a biyansu ko sisi ba a yi musu kwangilar gyara, amma malalar mai da masu saran itace na ta cin su.

Lokaci ya ci mu, mai tambaya kan kachalla a fadamar Hadeja da Nguru, malam ka yi haƙuri, taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.