Shin Giya Tana Ƙone Suga a Jikin Namiji Mai Lafiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Yau ina magana da ku daga Agege, a nan Legas, kuma hayaniyar da kuke ji a bayana ta 'yan kasuwa ce da motocin danfo. Abin da ya sa na kunna kyamara wata magana ce da na ji daga bakin wani ƙanena ɗan garinmu, direban tirela da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Arewa. Na ga 'yar ledar giya a aljihunsa, na yi masa magana, sai ya ce da ni: "Yaya, ba don maye nake sha ba. Ciwon suga ne ajalin mahaifinmu, kuma an ce mini ɗan kaɗan yana ƙone suga a jiki." Hukuncin giya a addininmu sananne ne, shi ma ya san shi, amma tunda hujjar lafiya ya kawo, ta fuskar lafiya nake so in ba shi amsa.

Duk lokacin da mutum ya ci tuwo ko shinkafa, suga yakan ƙaru a jininsa, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin domin ya umarci tsoka da kitse su ɗebe sugan daga jini. Jikin mai lafiya yana jin wannan umarni da insulin kaɗan. Idan kuwa jiki ya fara yi wa insulin kunnen uwar shegu, dole gaɓar ta riƙa ninka aikinta shekara da shekaru har ta gaji, kuma ta wannan hanya ce ciwon suga nau'i na 2, wanda shi ne ya fi yawa a tsakanin manya masu ciwon, yake kama mutum.

Maganar da ƙanena ya ji tana da asali. An daɗe ana ganin cewa a cikin jama'ar Turai da Amurka, masu shan kaɗan ba su cika kamuwa da ciwon suga kamar masu sha da yawa ba, har ma da waɗanda ba sa sha sam. Sai dai a cikin waɗanda ake lissafawa ba sa sha akwai mutanen da rashin lafiya ce ta tilasta musu dainawa, don haka kwatancin ya karkace tun daga tushe. Da masu bincike suka koma gwaji kai tsaye, musamman a ƙasar Holan, inda aka riƙa ba maza masu lafiya giya gwargwado na 'yan makonni ana auna jininsu, an ga wani sinadari da kitse ke fitarwa, adiponektin, wanda ake dangantawa da jin insulin, ya ƙaru, amma yadda jiki ke jin insulin bai canza a fili ba ga yawancinsu. A 2015 mujallar Diabetes Care ta buga nazarin da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 14, kuma ɗan alamar amfanin da aka hango wajen jin insulin ga mata ne, ba ga maza ba. Wannan ya taɓa ni, domin mazan da ke riƙe da wannan hujja su ne aka rasa shaidar a kansu.

To me ya sa wani zai sha, ya auna, ya ga sugansa ya sauka? Amsar tana wurin hanta. Hanta ce ke ciyar da jini suga a tsakanin abinci da abinci, da cikin dare, kuma idan ajiyarta ta ƙare takan ƙera sabo. Amma da zarar barasa ta shiga jiki, hanta takan ajiye sauran ayyukanta ta fuskanci narkar da ita, domin guba ce a wurinta, sai ƙera sugan ya ragu. Saukar da mutum ya gani alama ce ta hanta ta shagala, ba alama ce ta jiki ya ƙara jin insulin ba. Ga direban da ya kwana a layin shiga tasha bai ci komai ba, wannan saukar na iya kawo jiri da karkarwa da rikicewa, har da suma, kuma tana iya zuwa bayan sa'o'i da yawa, alhali yana riƙe da sitiyari a kan hanyar Ibadan. Nan ne hankalina ya fi tashi.

Idan shan ya yi yawa kuma ya daɗe, kitse yakan taru a hanta, ita kanta ta daina jin insulin, fankiriyas kuma tana iya kumbura har ƙwayoyin da ke samar da insulin su lalace. Kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7 (ma'aunin kuzarin abinci, wanda rararsa ke zama kitse), suga kuwa 4 ne. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya, sannan a farkon 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sanar da hana sayar da ita a leda da ƙananan kwalabe, ga shi har yanzu na gan ta a aljihun ƙanena.

Tsoronsa na gadon ciwon suga gaskiya ne, ban raina shi ba. Na ce masa abin da aka tabbatar yana sa tsoka ta ji insulin shi ne motsa jiki, da rage tumbi, da samun isasshen barci, da rage lemon kwalba da yake sha a hanya. Mun yi alkawari ranar Asabar da sassafe, kafin ya karya kumallo, zan raka shi a auna jininsa. Idan awon ya nuna ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL, lafiya lau; daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne; idan kuwa ya kai 126, za a sake aunawa wata rana, sannan mu je wurin likita tare.