Sharhi: Ledar jinin da ba a ƙara wa Alhaji ba

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Kwana huɗu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanenmu, daga Jarwal zuwa Shara Mansur a Makka, ya gangara har Jidda. Ni kaɗai sau shida aka turo mini shi. Wani matashi ne yake magana rai a ɓace. An yi wa mahaifinsa tiyatar zuciya a wani asibiti, an ɗinka masa sababbin hanyoyin jini uku. Washegari gwaji ya nuna jininsa ya sauka zuwa 8 a ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Shi da ƙannensa biyu sun riga sun ba da leda uku a ma'ajiyar jini, amma likita ya ce ba za a ƙara wa dattijon ba. Nan take ya yanke hukunci: rowa ce, tattalin kuɗin inshora ake yi, da ɗan ƙasa ne da tuni an rataya masa leda.

Allah ya ba Alhaji lafiya. Ɗa da ya ga mahaifinsa kwance ya yi fari fat, ba na ganin laifinsa in ya yi zafi. Waɗanda nake kuka da su su ne masu turawa, har da masu rawani da masu digiri, ba tare da ɗayansu ya tambayi ko ma'aikaciyar jinya guda ba. To ku saurara, domin gobe wani zai je ya tayar da hankalin asibiti a kan a ɗura wa uwarsa jinin da ba ta buƙata.

Wannan likita ƙa'ida ya bi, kuma ƙa'idar tana da tarihi. Tun 1942 likitoci suke tafiya a kan cewa in sinadarin himogulobin ya yi ƙasa da 10, a ƙara jini. Shekara fiye da hamsin ana haka, ba don an gwada an gani ba, al'ada ce ta zama doka. A 1999 aka buga wani gwaji na ƙasar Kanada a kan marasa lafiya 838 da ke ɗakin kulawa ta musamman: rabi ana ƙara musu in sun sauka ƙasa da 10, rabi ana jira sai ƙasa da 7. Waɗanda aka jira ba su fi mutuwa ba. Sai aka ce ai zuciya daban ce. To, an gwada a zuciyar. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin TRICS-III, mutum 5,243 da aka yi wa tiyatar zuciya a ƙasashe 19. Kashi ɗaya ana jira sai 7.5, ɗaya kashin ana ƙara musu tun daga 9.5 a ɗakin tiyata da na kulawa ta musamman. Mutuwa, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gazawar ƙoda, in aka haɗa su: kashi 11.4 cikin ɗari a waɗanda aka jira, kashi 12.5 a waɗanda aka yi wa gaggawa. Wato babu wani bambanci na a zo a gani. Inda bambancin yake shi ne a ledoji: kashi 52 aka ƙara wa a nan, kashi 73 a can. Shi ya sa ƙungiyar ma'ajiyoyin jini ta Amurka, AABB, a ƙa'idarta ta 2023 ta ce mai tiyatar zuciya ana iya jira da shi har 7.5. Jinin Alhaji 8 ne. Ina rowar take?

Mu zo batun kuɗi, tunda shi ne zargin. E, jini yana da tsada, ko da ɗanka ne ya bayar kyauta. Sai an gwada shi an tabbatar babu ciwon hanta, babu ƙanjamau, an raba shi, an ajiye a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, an dace shi da na majinyaci, an sa ma'aikaciya ta tsaya a kai. Wani lissafi da aka buga a 2010, daga asibitoci huɗu na Amurka da Turai, ya nuna leda ɗaya kan ci dala 522 zuwa 1,183 in aka haɗa duk wannan hidima, ninki uku zuwa kusan biyar na kuɗin sayen ledar. Wannan gaskiya ne.

Amma ku auna shi da kuɗin tiyatar gaba ɗaya. A Ingila an yi irin wannan gwaji, TITRe2, aka buga a 2015, mutum kusan 2,000, kuma su sun bi kuɗin har wata uku bayan tiyata. Me suka samu? Jimillar abin da aka kashe wa majinyaci kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da aka rage bai wuce kuɗin ledojin ba, kuma a cikin kuɗin tiyatar zuciya wannan cikin cokali ne. Abin da ke cinye kuɗi shi ne ɗakin tiyata, da gadon kulawa ta musamman, da majinyacin da ƙodarsa ta tsaya aka sa shi a injin wanki. Asibitin da zai hana leda ɗaya don tattali, ya jawo wa kansa kwana biyar a inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, ai ya yi cinikin biri a sama. Ko ɗan tireda ba zai yi wannan lissafi ba. Kuma in asibitin kuɗi ne da ke rubuta kowane abu a takardar biya, ƙara jinin ne zai kawo masa riyal, hanawa ba ta kawo komai. Don haka na sake tambaya: ina rowar take?

Abin da ƙa'idar take tattali shi ne jinin kansa, kuma nan ne nake son mutanenmu su buɗe kunne. Babu masana'antar da ke ƙera shi. Jajayen ƙwayoyi kwana 42 suke yi su lalace. A watan azumi masu bayarwa kan ragu, ga Makka da Madina cike da baƙi, ga mahajjatan da ake yi wa tiyatar zuciya kyauta lokacin aikin hajji. Sannan wa ya kai mu sanin darajar leda? Gidanmu nawa ne babu mai sikila, ko a dangi ko a maƙwabta? Yaron da ake ƙara wa jini a kai a kai, samo wanda ya dace da shi aiki ne, kuma sau da yawa na ɗan'uwansa baƙar fata ya fi dacewa. Ledar da aka rataya wa mai 8 don a kwantar wa 'ya'yansa hankali, daga hannun wannan yaro aka fizge ta, ko daga hannun mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare.

Masu cewa ai ƙari ba ya ɓaci, jini dai jini ne, su yi haƙuri, wannan zancen shayi ne. Jinin wani dashe ne a jikinka. Yana iya cika zuciyar da aka gama ɗinkewa jiya har ruwa ya taru a huhu, yana iya tayar da zazzaɓi, ana iya kuskuren leda. A wani bincike da aka buga a 2010 an duba asibitocin Amurka kusan 800 masu irin tiyatar da aka yi wa Alhaji: a cikin guda 408 da suka fi yawan yin aikin, wani yana ƙara wa kashi 8 cikin ɗari na majinyatansa, wani kashi 93. Ciwo ɗaya, aiki ɗaya. Wannan ba ilimi ba ne, kowa da kiɗansa ne, kuma don a kashe irin wannan aka rubuta ƙa'ida.

Akwai inda ni ma nake ɗan ja da baya, ba zan ɓoye ba. A wancan gwaji na Ingila, mutuwa cikin kwana 90 ta kai kashi 4.2 a waɗanda aka jira, 2.6 a waɗanda aka ƙara wa da wuri. Babban gwajin 2017 bai ga haka ba, amma adadin yana nan a rubuce. Kuma a 2023 gwajin MINT, a kan masu bugun zuciya da ƙarancin jini, ya karkata ga a ƙara da wuri. Saboda haka lamba ba aya ba ce. In majinyaci yana zubar da jini, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko hawan jininsa ya faɗi, likitan da ya tsaya yana jiran 7.5 ya yi laifi. Sai dai saƙon muryar bai ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ya faru ba. Cewa ya yi Alhaji ya zauna, har ya sha shurba.

In kuna neman inda ake rowa da gaske, ku koma sati huɗu kafin tiyata. Tsakanin mutum ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu shiga tiyatar zuciya da ƙarancin jini suke shiga, kuma da yawansu sinadarin ƙarfe ne ya yi musu ƙaranci, abin da ake ganowa da gwaji mai araha a gyara da ƙwaya ko ƙarin ruwa. Akwai maganin tiranekzamik asid da ke rage zubar jini, mai arha. Akwai injin da ke tsotse jinin majinyaci a wurin aiki ya wanke ya mayar masa da abinsa. Jihar Yammacin Ostireliya ta ɗauki irin wannan tsari da gaske daga 2008 zuwa 2014, a kan majinyata sama da 600,000: jinin da ake ƙarawa ya ragu da kashi 41, mutuwa a asibiti ta ragu, an tsira da dalar Ostireliya miliyan 18.5 a kuɗin sayen jini kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a bi wannan hanya tun 2010. Amma wa zai yi wa ƙwayar ƙarfe kamfe? Ba ta da riba, ba ta da hoto, kuma wani lokacin kamfanin inshora sai ya ja ƙafa a kan amincewa da ita alhali zai biya kuɗin leda ba musu. A nan ne ya kamata mu ɗaga murya, a nan ne talaka mai ƙaramar inshora yake cutuwa.

Ɗana mai saƙon murya, in kana ji na, koma wurin likitan, ka gaishe shi, ka tambaye shi abu biyu. Nawa jinin Baba yake ranar da aka sa masa ranar tiyata, kuma me aka yi a kai? Yanzu da za a sallame shi, wane maganin ƙarfe zai sha, yaushe za a sake gwaji? In amsar farko ta zama 10 ce kuma ba a yi komai ba, to kana da ƙara ta gaskiya, ka kira 937 na Ma'aikatar Lafiya ka shigar. Ledojinku uku kuwa, da wuya su kai kwana 42 a firij.

Wassalamu alaikum.