Yadda ake daidaita zanen aikin katako kafin a ɗora zarto

Assalamu alaikum, jama'a masu kallo. Takardar da kuke gani a kan wannan teburi zane ne na kantar ajiye littattafai, irin wanda ake saukewa daga intanet a waya, a kai shagon kwamfuta a buga. Wanda ya zana shi mazaunin Amurka ne, da katakon ƙasarsu ya yi awo, kuma yanayin garinsu ya sani. Mu kuwa a Birnin Kebbi muke, a 'yan katako za mu yi sayayya, kuma kantar za ta sha damina ta sha hunturu a cikin ɗakinmu. Abin da za mu bayyana shi ne yadda mai sha'awar aikin kafinta a gida, ko wanda yake son ya mayar da shi ƙaramar sana'a, zai ɗauki irin wannan zane ya daidaita shi da abin da ke hannunsa tun bai yanka komai ba.

Zane mai amfani yana nuna abin da za a haɗa ta gaba, ta gefe, da kuma ta sama, kowane ɓangare da awonsa a rubuce. Yana kuma zuwa da jerin gutsattsarin da za a yanka, inda aka faɗi tsawon kowane guntu da faɗinsa da kaurinsa da adadin da ake buƙata, sannan ya bayyana abin da za a fara haɗawa da abin da za a bari sai ƙarshe. Idan kun sami zanen da babu wannan jeri a cikinsa, to hoto kawai kuka samu. A nan ya kamata a yi hattara da tallace-tallacen da ke cewa a biya kuɗi kaɗan a karɓi dubban zane a lokaci guda, domin sau da yawa tarkace ne da aka kwaso daga wurare daban-daban ba tare da an gwada ko ɗaya ba. Zane guda ɗaya wanda mai shi ya haɗa abin da hannunsa, ya nuna hotonsa bayan an gama, ya fi su amfani.

Abu na farko da za a duba shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. Zanen Amurka da inci da ƙafa yake zuwa, na Turai kuwa da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ƙafa ɗaya kuma inci 12. Tef ɗin awon da ake sayarwa a kasuwanninmu yana ɗauke da duka biyun, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen, saboda haka ku zaɓi gefe guda ku tsaya a kansa har ƙarshen aiki. Wanda ya auna ƙafar teburi da inci, ya dawo ya auna samansa da santimita, yana zagaye lissafi yana cewa ai kusan ɗaya ne, zai ga sakamakon ranar haɗawa.

Daga nan sai maganar sunan katako da ainihin girmansa, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. A Amurka, katakon da ake kira biyu da huɗu ba inci 2 da inci 4 ba ne, inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, wato kimanin milimita 38 da 89, domin an riga an busar da shi an goge shi kafin ya isa shago. Mai zanen ya san haka, kuma a kan wannan girman ya gina lissafinsa. A wurinmu sunan ɗaya ne, amma katakon da za a miƙo muku bai sha gogewa ba, kuma idan kuka ɗauko guda uku daga tari ɗaya kuka auna, da wuya su zo daidai da juna. Bayan an kai shi inji an goge, zai ƙara raguwa. Don haka a sayo katakon tukuna, a goge shi, a auna kaurin da ya rage, sannan a koma kan takarda a gyara lambobi da fensir.

Bari mu gwada da kantar nan. Mun mayar da awonta kamar haka: tsayi santimita 180, faɗi 80, zurfi 30, kuma za mu yi ta da filawud mai kaurin milimita 18. Fallen filawud ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Idan muka tsaga shi ta tsawonsa gida huɗu, kowane tsagi santimita 30, mun ci 120. Sai dai zarto ma yana da nasa rabon, domin duk inda bakin injin yanka ya bi yakan cinye kusan milimita 3 ya mayar da shi gari. Da wannan ɗin ma muna cikin 122, saboda haka tsagi huɗu sun fita. Da a ce mun ƙara zurfin kantar da santimita ɗaya tak, ya zama 31, to huɗu sau 31 ya kai 124, kuma tsagi uku kaɗai za mu samu.

Tsagi biyu za su zama bangon dama da na hagu, kowanne 180. Sauran biyun su ne za su ba mu allunan da littattafai za su hau. Tsawon kowane allo ba 80 ba ne, domin zai shiga tsakanin bangaye biyu, kuma kowane bango ya ci milimita 18. Idan aka cire santimita 3.6 daga 80, saura 76.4. Uku daga cikinsu suna fita a tsagi ɗaya mai tsawon 244, saboda haka tsagi biyu sun ba mu shida: na sama, na ƙasa, da huɗu a tsakiya. Kun ga kanta sukutum, ban da bayanta, ta fita daga falle ɗaya. Yanzu ku ɗauka mai saye ya ce a ƙara masa faɗi ya kai 90. Kowane allo ya koma 86.4, biyu kaɗai ke fita a tsagi ɗaya, kuma ragowar da ta saura daga bangaye ba ta kai tsawon allo ba. Ƙarin santimita 10 ya tilasta sayen falle na biyu, kuma allon da ya yi wannan tsawo zai fara lanƙwasa a tsakiya idan aka jera masa manyan littattafai. Wannan lissafi a kan takarda ake yin sa, a gaban mai saye idan ta kama, kafin a faɗi farashi.

Kada a manta da bayan kantar. Siririn filawud da ake bugawa a baya shi ne yake hana ta karkacewa gefe, kuma duk wanda ya cire shi don rage kuɗi zai sami kanta mai rangaji.

Akwai kuma inda zanen waje bai dace da rayuwarmu ba ko da lissafinsa daidai ne. Gado shi ne babban misali. Gadon Amurka mai matsakaicin girma na mutum biyu an yi shi ne don katifa mai inci 60 da 80, alhali katifun da ake kai wa ɗakin amarya a nan ana kiransu shida da shida, ko shida da huɗu da rabi, ko shida da bakwai. Wanda ya bi zanen yadda yake zai ƙare da gadon da katifa mai ƙafa shida da shida ba ta cika shi ba ta tsawo, ta kuma ƙi shiga ta faɗi. A je a auna katifar da za a ɗora da tef, kada a dogara da sunan da ake kiranta da shi, sannan a bar ɗan sarari a kowane gefe don zanin gado. Haka ma ƙofar ɗaki da kwanar zaure, a auna su kafin a haɗa babban sif a tsakar gida. Tsayin teburin cin abinci ko na rubutu kuwa, kimanin santimita 75, da na mazaunin kujera, kimanin 45, waɗannan ba su cika canzawa ba daga ƙasa zuwa ƙasa, domin jikin ɗan Adam aka auna.

Wani wurin kuma ba a taɓa awon ko kaɗan. Masu kiwon zuma da ke amfani da akwati irin na Kenya sun san cewa sandunan da ake jerawa a samansa faɗinsu milimita 32 ne ga ƙudan zuman Afirka, kuma idan kafinta ya ƙara ko ya rage, ƙudan za su gina saƙarsu a karkace ta haɗe sanduna biyu, ɗaga su ya gagara ba tare da an fasa ba. Ya kamata mai karanta zane ya tambayi kansa a kan kowace lamba, shin ado ce, ko kuwa aikin abin ya rataya a kanta.

Yanzu sai yanayi, wanda babu zanen da zai gaya muku. Yawancin falankin da muke saye, irin su afara da sauransu, daga dazuzzukan kudu ake kawo su, inda iska ke da laima, kuma sau da yawa ba su gama bushewa ba. Idan suka iso Kebbi suka haɗu da hunturu, ruwan jikinsu yakan fita da sauri. Katako kuwa idan yana bushewa ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa teburin da aka haɗa a watan Agusta, falanki manne da falanki, yakan buɗe baki a watan Janairu har a iya zura tsinke a tsakani, ƙofar kabad kuma ta murɗe ta ƙi rufuwa. Masu zanen Amurka sun ɗauka katakon da aka busar a inji za a yi amfani da shi. Mu abin da za mu yi shi ne mu jera falankin a inuwa, ba a rana ba, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa don iska ta ratsa, a danne saman da abu mai nauyi. Wanda ba shi da na'urar auna laima sai ya ware guntu ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, idan nauyinsa ya daina raguwa to ya zauna. Filawud bai cika wannan motsi ba, domin an manna ɓawonsa ne ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. MDF kuma, wato allon garin katako da aka matse da gam, yana da santsi da kyan fenti, amma ruwa ne ajalinsa, don haka bai dace da inda ake wanke daɓe kullum ba sai an ɗaga shi a kan ƙafafu.

Sunayen itatuwan da ke cikin zanen ma sai an musanya su. Inda aka ce a yi amfani da itace mai taushi, afara ko malaina za su wadatar. Inda ake son ƙarfi da kyan launi, akwai maɗaci da kawo, sai dai suna da tauri, kuma ƙusa takan tsaga su idan ba a fara huda wurin ba. Gara kuma ba ta cikin lissafin mai zanen, amma tana cikin namu. A shafa maganin gara a ƙafafu da bayan abin da zai jingina da bango. Baƙin mai da wasu ke shafawa ya tsaya ga katakon rufi da na dangar waje, kada ya shiga ɗakin kwana.

Wajen haɗawa, a fara jera komai ba gam ba ƙusa, a ga ko ya zauna. Sannan a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake aunawa daga ɗaya kusurwar zuwa kishiyarta. Idan lambobin biyu suka zo ɗaya, aikin ya miƙe. Idan suka bambanta, a tura dogon ɓangaren a hankali har su daidaita, kafin a buga bayan.

Ga wanda yake nufin sana'a, amfanin zanen yana fitowa ne a karo na biyu da na uku. Na farko gwaji ne, a bar shi a gida a yi amfani da shi, a rubuta duk gyaran da aka yi a jikin takardar. Daga nan sai a yanka samfurin kowane guntu a ajiye, ta yadda idan makarantar Islamiyya ta nemi benci goma, ko mai shago ya nemi kanta uku, ɗorawa kawai za a yi a zana a yanka. Jerin gutsattsarin shi ne kuma tushen farashi: kuɗin falle ko falanki, ladan mai injin yanka, kuɗin Keke Napep ko kura da ta kawo kaya, gam da ƙusa da samfefa da fenti, man janareta idan wuta ta ɗauke, da ragowar da ba za ta sake amfani ba. Abin da masu farawa suka fi mantawa shi ne kwanakin da suka kashe, sai su ga kuɗi a hannu su ɗauka riba ce alhali ladan aikinsu ne ma bai cika ba. Kuma tun da farashin katako ba ya zama wuri ɗaya, a karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kaya a ranar da aka yi ciniki.

Sai batun haƙƙin mai zane. Wasu sun yarda a haɗa abin a sayar, wasu sun ce don amfanin gida kaɗai, kuma yawanci suna rubuta hakan a shafin farko ko na ƙarshe. Buga ita takardar zanen a riƙa sayar wa mutane kuwa cin haƙƙin wani ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi zane kamar yadda ta shafi littafi.

Ga fallenmu nan an zana masa layuka huɗu da fensir, an kuma sa alama a gefen layin da bakin zarto zai bi, domin milimita ukun nan su fita daga ragowa ba daga jikin allo ba. Za mu rufe hanci saboda ƙura, mu sa tabarau, mu naɗe hannun riga, sannan mu fara da tsagin farko.