Zauren Shari'a: An kama uba saboda bashin ɗansa

Binta: Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ni ce na zo da batu, kuma wallahi tun jiya abin yake cin raina. Barista, Sani, kun san dattijon nan mai shayi na bakin layinmu ko, to ɗansa ne ya karɓi Keke Napep a hannun wani mutum kan zai riƙa biya duk sati, ya biya na wata uku sai aka neme shi aka rasa, mai keke ya kai ƙara caji ofis, da aka zo ba a samu yaron ba sai aka tafi da uban, butar shayinsa na kan wuta.

Sani: Subhanallah. Kwana nawa ya yi?

Binta: Huɗu. Da idona na ga silifas ɗinsa da hularsa a bayan kanta lokacin da muka kai masa abinci.

Barista: To Binta, tun daga tushe ba daidai ba ne. Kama wani a madadin wani haramun ne a doka, sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana, kuma ita wannan dokar duk faɗin Najeriya take aiki, haka ma sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana. Laifi na wanda ya aikata ne, ba a gadonsa, ba a jingina shi ga uba ko mata.

Sani: Amma Barista tsaya, shi ma mai keken fa haƙƙinsa ne, ina zai je?

Barista: Kotu zai je, kuma yana da gaskiya. Sai dai akwai bambanci tsakanin shari'ar laifi da shari'ar haƙƙi tsakanin mutum da mutum. Bashi da saɓa yarjejeniya ba na sel ba ne, ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. In kuma yaron sayar da keken ya yi ya gudu da kuɗin, to an shiga cin amana, wannan laifi ne a Final Kod, wato kundin dokokin laifuka da muke aiki da shi a Arewa, amma ko a nan ɗin yaron za a nema.

Binta: To kwana huɗun fa?

Barista: Nan ne ma abin ya fi ciwo. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da mutum, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin gari kamar namu ina maganar babu kotu? Kuma cikin awa 24 dole a ba shi dalilin kama shi a rubuce da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa.

Sani: Ka ga wannan shirun shi ne mutanenmu ba su sani ba, ana miƙo takarda sai a dangwala hannu, ko karatun ba a iya ba.

Barista: Daga baya a karanta a kotu a ce ya amsa laifi. In da duka aka sa shi ya amsa, Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu kada ta karɓa, azabtarwar ma kanta laifi ce tun dokar hana azabtarwa ta 2017. Kuma don Allah mu gyara harshe, wanda aka kama wanda ake zargi ne, in an karanta masa caji a kotu ya zama wanda ake tuhuma, mai laifi kuwa sai alƙali ya yanke. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ɗauke shi mara laifi, mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba.

Binta: Ni abin da ya ƙara ƙona min rai, 'yarsa babba ta ce za ta tsaya masa aka ce mace ba ta beli, sai da aka haɗa kuɗi a layi.

Barista: Ba gaskiya ba ne, dokar 2015 ta faɗa ƙarara ba a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne.

Sani: A takarda dai, Barista.

Barista: Na sani Sani, kullum ina can. Amma kundin ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, Babbar Kotu ake kai wannan ƙarar, in ba halin lauya akwai hukumar ba da taimakon shari'a kyauta ta gwamnati. Binta, ki ce wa 'yar tasa ta rubuta ranar da aka kama shi da ranar da aka sake shi da sunayen waɗanda suka gani, Litinin ki kawo min su ofis.

Binta: In sha Allah, da sassafe za mu zo.