Amsoshin Tambayoyinku: Yadda na'ura ke gyara saƙon da ya lalace a hanya

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Tambayar farko wani bawan Allah ne ya aiko mana a rubuce, yana cewa: "Me ya sa da hadari ya haɗo sai hoton dikoda ya daskare, ya farfashe gida-gida, ko ya ɗauke gaba ɗaya? Ai talabijin ɗin da mai eriya, ko yana yayyafi ana iya kallo."

To Malam, abin da ke sauko wa dikodarka daga tauraron ɗan'adam jerin lambobi ne, sifili da ɗaya. Ruwan sama yana raunana siginar a hanya, sai wani ɗaya ya iso kamar sifili. Shi ya sa tun daga tashar da ta aiko ake haɗawa da wasu lambobi na tsaro, aikinsu su tona inda kuskure ya shiga. Richard Hamming na kamfanin Bell a Amurka ya wallafa irin wannan dabara a 1950: kowane lambobi 4 a ƙara musu 3, idan ɗaya daga cikin 7 ɗin ta juye, na'ura ta gano ta, ta mayar da ita daidai. Tsarin DVB-S2 da tashoshin tauraro da yawa ke amfani da shi yau ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Muddin kurakuran ba su fi ƙarfin dikodar ba, hoto tas za ka gani, ba ka ma san ana gyara ba. Da sun fi ƙarfinta kuwa, babu tsaka-tsaki, sai daskarewa.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce mai karatun injiniyan lantarki. Ta ce ta ji tsarin LDPC, wato tsarin lambobin tsaro na gyara kuskure da ke cikin 5G, ya haura shekara 60, me ya hana a yi amfani da shi tun tuni, kuma yaya ake sa dikodar cikin waya, wato sashen da ke warware saƙo ya gyara kuskure, ta yi sauri ba tare da ta cinye batir ba?

Malama, tambayarki ta yi mini daɗi, don nan ne gizo ke saƙar. Ƙara lambobin tsaro abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin mai karɓa. Robert Gallager ya fito da LDPC a digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka a 1960, amma kwamfutocin lokacin ba za su iya ɗaukar lissafin warwarewar ba, aka ajiye shi fiye da shekara 30. Sai da Claude Berrou da abokan aikinsa a Faransa suka nuna wani tsarin gyara kuskure mai suna turbo a 1993, kana David MacKay da Radford Neal suka sake tono aikin Gallager a tsakiyar shekarun 1990.

Ga yadda dikodar LDPC take aiki. Kowace lamba tana cikin rukunoni da yawa, kuma doka ita ce adadin ɗaya-ɗayan da ke kowane rukuni ya rabu biyu daidai. Rukunin da dokarsa ta karye ya san akwai mai laifi a cikinsa, amma bai san wace ce ba. Sai rukunonin su riƙa aika wa juna ra'ayi, kamar shaidu a gaban alƙali: wannan lamba na tabbata da ita, waccan ina shakka. A zagaya, a sake zagayawa, har bakinsu ya zo ɗaya. Kowane zagaye kuwa lokaci ne da wuta.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙi: bayan kowane zagaye a duba, in duk rukunonin sun cika doka a tsaya nan take. Idan sabis na da kyau, zagaye kaɗan ya wadatar. Sannan injiniyoyi sun bar lissafin nan mai nauyi, suka koma tsarin da rukuni ke duba shaidar da ta fi rauni kawai ya ɗora hukuncinsa a kanta. Ana ɗan asarar inganci, amma da ƙaramin gyara a kan sakamakon ana maido da mafi yawanta, kuma a ganina cinikin ya yi riba. Akwai kuma jera rukunonin hawa-hawa, yadda abin da na farko ya gano zai amfani na biyu a cikin zagaye guda, wanda ke rage yawan zagayen da kusan rabi.

Abin da ya sa a 2016 aka zaɓi LDPC don ɗaukar bayanai a 5G, aka bar turbo na 3G da 4G, shi ne ana iya raba aikinsa ga ɗaruruwan ƙananan sassa su yi shi lokaci guda. Gajerun saƙonnin umarni tsakanin waya da turken sabis kuma aka ba tsarin polar na Erdal Arıkan, ɗan ƙasar Turkiyya, wanda ya wallafa a 2009.

Ko rumbun SSD na kwamfutarki haka yake yi. Yana fara karanta bayanai sau ɗaya da sauri. Sai gyara ya gagara yake komawa ya karanta wurin sau da yawa, ya auna yadda ya tabbata da kowace lamba. Wannan na cikin dalilan da ke sa rumbun da ya tsufa yake ɗan jan ƙafa.

Sauran wasiƙunku sai a shirinmu na gaba.