Raga, geji da gaɓar sauyi: me ake aunawa a kwamfuta?

Jama'a, sannunku. Maganarmu ta yau kan sauyin yanayi ce a lissafin kimiyyar fiziks, irin yadda ruwa ke komawa ƙanƙara, da yadda ake gano gaɓar da sauyin ke faruwa a kwamfuta. Ku dubi ragar masuntan Benuwe a Garwa: ga ƙulli, ga zare tsakanin ƙulli da ƙulli, ga ido mai kusurwa huɗu. Tsarin da Kenneth Wilson ya fito da shi a 1974 ke nan. Filin sikela, wato ƙimar da muke kira z, yana zaune kan ƙulli, filin geji, wato abin da ke haɗa ƙulli da maƙwabcinsa, yana kan zare, kuzarin geji kuma daga zagayen ido ake lissafa shi. Sai dai tamu ragar tana da tsawo da faɗi da zurfi, L sau L sau L, inda L shi ne yawan ƙulli a kowane gefe.

Kuskuren sabon shiga: ya kunna Monte Karlo, wato shirin kwamfuta mai ɗibar samfur bisa ƙuri'a, ya auna matsakaicin filin sikela, ya ga sifili, ya ce babu sauyi. Ai dole ya ga sifili! Tun 1975 masanin fiziks Elitzur ya nuna cewa simetirin geji, wanda kowane ƙulli ke juyawa yadda ya ga dama ba tare da kuzari ya canza ba, ba ya karyewa da kansa. Wanda ke karyewa shi ne simetirin da ya game ragar baki ɗaya. Idan sikelar tana da sassa N kuma gejin U(1) ne, wato juyi da kusurwa ɗaya, wannan simetirin SU(N) ne, wato mai gauraya sassan N ɗin. Don haka a haɗa z da abokin juyinsa, wato wanda ke juyawa akasin z, a ƙulli ɗaya, a cire kashi ɗaya bisa N, a samu Q, wanda juyin geji bai taɓa shi. Shi ake aunawa.

To, a gudanar da L = 16, 32, 64. A kowanne, ana canza zafi kaɗan-kaɗan, a fitar da nisan alaƙa ξ, wato iya nisan da ƙulli ke jin tasirin wani, a raba shi da L, a kuma fitar da ma'aunin Binder, mai nuna yadda Q ke kai-komo. Inda layukan ξ/L na ragogin uku suka gicciye, nan ne gaɓar sauyi. Saurin miƙewarsu yana ba da ν, lambar da ke nuna yadda ξ ke girma kusa da gaɓar. A gejin da ke kan da'ira da N = 2, ana samun kusan 0.71, wato ajin Heisenberg (aji shi ne rukunin sauye-sauye masu ν iri ɗaya). Na Ising kuwa 0.63 ne.

Ga tarkon. Sauyi mai tsalle, in tsallen ƙarami ne, yakan yi shigar sauyi mai santsi a ƙaramar raga. Ku lura da ƙololuwar Binder: in tana hawa duk sanda L ya ƙaru, kuma rabon kuzari ya fito da tozo biyu, tsalle ne, ν ɗin da kuka fitar kuwa na banza. Halperin, Lubensky da Ma sun lissafa a 1974 cewa kusa da girma huɗu sai N ya kai wajen 183 kafin a samu santsi. A girma uku adadin ya faɗi ƙasa sosai.

Aikin kuma da cin lokaci. Da hanyar Metropolis, wato sabunta ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ninka L sau biyu yana ninka ƙulli sau 8, jiran samfur mai zaman kansa ya ƙaru kusan sau 4, aiki sau 32 ke nan. Ga wutarmu da ba ta sallama in za ta tafi, ku riƙa ajiye hoton ragar a faifai duk bayan zagaye dubu.