Tsara Kwas na Intanet Domin Malaman Makarantar Lahadi

Salama a gare ku, masu horar da malamai.

Ku dubi wannan malama. Ƙarfe tara na dare, ta gama wanke-wanke, yara sun kwanta, cajin wayarta ya kusa ƙarewa, data kuma saura kaɗan. Ranar Lahadi aji cike da yara na jiranta. Ita ce ɗalibarku. Idan kuka ɗora mata bidiyon awa guda, ko buɗe shi ba za ta yi ba.

To yaya za a gina kowane kashi na kwas ɗin? Mu buɗe Luka sura 10, daga aya 25 zuwa 37. Wani masanin Attaura ya kawo wa Yesu tambaya, sai Yesu ya mayar masa da ita, ya ce ya faɗi abin da ya karanta. Daga nan ya ba shi labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko. Yesu ya sake yi wa masanin tambaya, sannan ya sallame shi ya je ya aikata haka.

Wannan jerin nake so ku bi. Ku fara da tambayar da ke damun malamar da gaske: yaya zan yi da yaron da ke hana aji zaman lafiya? Ku bar ta ta amsa tukuna. Sai labari, cikin saƙon murya na minti biyar da WhatsApp zai ɗauka ba wahala. Sai nassi, a karanta shi da abin da ke gabansa da bayansa, kada a tsinko aya ɗaya a manna a ƙarshen darasi kamar ado. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici ƙwarai.

Kada kuma ku bar ta ita kaɗai da waya. Tsarin koyar da tauhidi daga gida da ake kira TEE, wanda aka fara a ƙasar Gwatemala a 1963, ya tsaya ne kan karatu a gida, hidima a ikilisiya, da haɗuwa a kai a kai da mai jagora. Ku ware lokaci kowane mako, ko a majami'a ko ta waya, a yi addu'a, a tattauna.

Jarrabawa fa? Ku ce ta koyar da darasin ranar Lahadi, Litinin ta turo muryarta ta faɗi abin da yaron nan mai hana aji zaman lafiya ya yi da ta kira shi da sunansa, ta ba shi aikin raba littattafan waƙa.